Gaurakar Uwar Wuta

Da hantsi mutumin ya shigo ofishin 'yan sanda, rigarsa fes, amma ya ɓalla maɓallanta a karkace. Insfekta, Allah Ya jiƙansa, shi ya fara lura, don shi idonsa ba ya tsallake ƙaramin abu. Da ya ji mutumin ya gaya wa na kan kanta cewa shi tela ne, sai ya ajiye kofin shayinsa. Telan da ya ɓalla riga a karkace, ai ba lafiya ba.

"Shigo nan, Malam. Zauna. Me ke tafe da kai?"

"An sace gaurakar matata, ranka ya daɗe."

Saja, wani ƙaton mutum mai saurin baki, ya ce, "Baba, ko dai ta tashi ne? Tsuntsu ai da fiffikensa."

"Ta gilashi ce," in ji Tela. Bai ko dube shi ba.

A hankali ya zayyana. Matarsa mai hura gilashi ce. Narkakken gilashi take ɗebowa daga wuta a bakin bututun ƙarfe, ta hura, ta juya, ta ja, ya zama ganye ko kifi ko fure. Saboda yadda ba ta tsoron zafi mutane suka sa mata Uwar Wuta, shi kuma har ya yi furfura ana ce masa Angon Uwar Wuta. A makon nan ta rasu. Ciwon kai ta ce, aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba. Har yanzu tabarmin zaman makoki na shimfiɗe a ƙofar gidansa.

Kwana ɗaya kafin ta kwanta ta gama aikinta na ƙarshe, gauraka mai tsayin kamu biyu, ta sa a tanderun hucewa. Yau da safe abokin aikinta ya leƙa, babu gauraka.

Insfekta ya ce, "Allah Ya jiƙanta. Tana da tsada ne?"

Tela ya girgiza kai.

"Ban sani ba. Abin da na sani, duk abin da take hurawa takan bar masa baki a buɗe. Wannan kuwa ta liƙe shi da zafinsa. Iskar da ke cikin gaurakar nan, ita ta hura ta. Numfashinta ne. Kayanta duk 'yan'uwa za su raba, ban damu ba. Wannan kaɗai nake so."

Saja ya sunkuyar da kai. Insfekta ya ɗauki hularsa.

Wurin aikin wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano a bayan layin masu walda. Tun daga ƙofa Insfekta ya rage sauri. A kan kantoci akwai ganyen bado kore shar mai jijiya kamar yanzu aka tsinko shi daga tafki. Akwai kifaye masu sheƙi, akwai mazari da fiffike siriri har kana ganin yatsanka ta cikinsa, akwai reshen bishiya da raɓa ta daskare a kansa. Hasken taga yana ratsa su yana zuba launi a ƙasa.

"Saja, sa hannuwanka a aljihu."

"Ban taɓa komai ba, ranka ya daɗe."

"Da tumbinka nake. Ja shi baya."

Abokin aikin yana tsaye gefe, dattijo mai tabon ƙuna a hannuwa, Bahago ake ce masa. Shi ke riƙe mata ƙarfe idan tana aiki, shi ke kawo mata launi.

"Kai ka fara ganin babu ita?"

"Ni ne."

"Kwaɗon ƙofa fa?"

"A kulle na same shi. Ba a ɓalla ba."

"Makulli nawa ne?"

"Nawa, da nata da ke gida."

Saja ya yi gyaran murya irin ta biri ya yi kama da mutum. Insfekta ya yi kamar bai ji ba, ya sa Bahago ya nuna masa tanderun.

Biyu ne. Babban na narkar da gilashi, ya mutu tun ranar rasuwa. Ƙaramin kamar akwatin ƙarfe, da 'yar taga a ƙofarsa, har yanzu da wuta a ƙarƙashi.

Bahago ya ce, "Gilashi ba ya son gaggawa, ranka ya daɗe. Idan ya fito daga wuta ka bar shi a iska, bayansa zai huce cikinsa na da zafi, sai ya tsage. Dole a sa shi nan, ana rage masa wuta kaɗan-kaɗan. Mai kauri irin gaurakar nan kwanaki take so."

"Ta isa fita?"

"Ina! Da sauranta."

Insfekta ya haska tocila ta tagar. Ga gurbin gauraka babu komai, amma a gefe akwai ganyayen ciyawar ruwa na gilashi jere, waɗanda za a kafa a ƙarƙashin ƙafarta.

"Waɗannan ba su tsage ba."

"Ko ɗaya."

"Idan aka buɗe ƙofar nan aka bar ta?"

"Da duk sun tarwatse."

"To ɓarawon ya rufe ke nan."

Bahago ya ce, "Ba rufewa kaɗai ba. Ya ƙara wuta kaɗan don ta maye zafin da ya fita. Na ga makunnin ba inda na bar shi ba. Kuma babu bargon wuta, da akwatin ƙarfen da muke ɗaukar aiki mai zafi a ciki."

Insfekta ya zagaya ɗakin hannu a baya. Kusa da bencin aiki ya tsaya a kan wani bokiti. Wasu ludaya na katako ne a ciki, baƙi ƙirin, ruwa ya rufe su har baki.

"Miya kuke sha da waɗannan?" in ji Saja.

"Da su ake mulmula gilashi yana da zafi. A ruwa suke zama, in sun bushe sun tsage." Bahago ya matso, ya tsura wa bokitin ido. "Amma ni ban zuba ruwan nan ba. Ranar jana'iza na ga ya ja ƙasa, na ce zan ƙara, hankalina bai kai ba."

"Wa ka gaya wa akwai gauraka a tanderu?"

"Ba kowa."

Ya faɗa da sauri, idonsa a ƙasa.

A waje Saja ya ce, "Ranka ya daɗe, mu sa wa Bahago ankwa mu huta. Makulli nasa, sanin wuta nasa."

"Ya kai ta ina? Aljihunsa? Mai hura gilashi ne ya yi satar nan, wannan na yarda. Ɓarawon titi ba ya tsayawa shayar da ludayi. Amma abu mai zafi sai da wata wutar da za ta karɓe shi. Bahago ɗaki ɗaya yake haya, ko murhun kirki ba shi da shi. Mu je gidan makoki."

Gidan Tela ƙarami ne. Maza na zaune a waje, mata a ciki. Wanda bai taɓa rashi ba ba zai gane yadda gida ke cika da mutane amma ya zama kango ba. Takalmanta na nan a bakin ƙofa, babu wanda ya iya ɗauke su.

Yayar marigayiya ta tare su a tsakar gida, ido jawur.

"Yallaɓai, ba sai kun wahala ba. Bahagon nan ne. Tun tana raye nake ce mata mutumin da ba ya kallon ido ba abin yarda ba ne."

"Yaya, ki bari," in ji Tela. "Shi ya ɗauki makararta."

"Kai dai ka cika sanyi, shi ya sa ta fi ƙarfinka."

"Ta fi ƙarfin kowa ai," ya ce, har ya ɗan yi murmushi.

Insfekta ya nemi ganin makullin. Tela ya kai shi wani lungu kusa da inda baƙi ke wanke hannu. Ƙusoshi ne jere a bango. Ya miƙa hannu ga makullin da ke rataye, sai ya tsaya.

"Ba nan yake zama ba. Wannan ƙusar almakashina ce. Tasa ita ce ta ƙarshe."

"Wa ya shigo lungun nan jiya?"

"Jama'a da yawa."

"A cikinsu akwai mai sana'arta?"

Yaya ce ta amsa. "Sai dai tsohon nan da ya koya mata. Baba Mai Tanderu. Abin ma ya ba ni mamaki. Mutumin da ya yi shekaru ko gaisuwarta ba ya amsawa, jiya har sau biyu ya zo, da safe da kuma la'asar. Na ce oh, mutuwa mai gyara zumunci."

"Me ya raba su?"

Tela ya ce, "Ba faɗa suka yi ba. Tana yarinya ta shiga wurinsa, kofuna da tuluna yake yi, kuma gwani ne, ba a ja. Ita kuwa sai ta riƙa zuwa bakin tafki tana zama tana kallon tsuntsaye, ta dawo ta ce za ta yi su. Ya ce wasan yara ne. Da mutane suka fara tsallake kofunansa suna tambayar tsuntsayenta, sai ya ce tanderu ɗaya ba ya ɗaukar gwani biyu. Ta fita tana kuka. Har ta rasu ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Baba."

Insfekta ya sa aka kira Bahago, ya ja shi gefe.

"Ɗazu ka yi mini ƙarya. Ba na son ta biyu."

Bahago ya share fuska da hannu. "A maƙabarta Baba Mai Tanderu ya kama hannuna, ya ce me ta bari a wuta? Malaminta ne, ranka ya daɗe, kuma yana hawaye. Na ce gauraka. Ya ce da tukku? Na ce da tukku, zare-zare na zinariya, kuma wuyanta toka-toka ne daga ciki, launin yana juyawa kamar gashin gaske. Ya ce ba ya yiwuwa. Na ce ta yi. Na ji kunyar Ango ne, shi ya sa na ɓoye. Bakina ne ya jawo."

"Yana da tanderu?"

"Yana da shi, amma ya daɗe a mace. Ƙirjinsa ya lalace, ba ya iya hurawa."

Daga nan Insfekta bai nufi gidan tsohon ba. Shagon mai gas ya tsaya, wanda ke kai wa masu walda da masu gidan burodi.

"Baba Mai Tanderu? Ai na ɗauka ya yi ritaya," in ji mai gas, yana goge hannu da tsumma. "Sai shekaranjiya ga shi da tsohuwar motarsa, wai manyan tukwane yake so, a kai masa yanzu-yanzu. Na ce Baba, amarya za ka yi ne ake wannan girki? Ko dariya bai yi ba."

Suka ɗauki Tela da Bahago a bayan mota. A hanya Insfekta ya yi wa Saja magana a kunne. Saja ya zaro ido.

"In ta fashe fa?"

"Hannu kawai na ce ka ɗora. Ka ja, ni da kai ne."

Wurin tsohon yana ƙarshen wani lungu. Ƙura ta rufe kantoci, amma ƙarƙashin ƙurar kofuna ne sirara masu kyan ƙira, kowanne daidai da ɗan'uwansa kamar an auna. Insfekta ya ɗaga ɗaya, ya ji kamar bai ɗauki komai ba. Ya mayar a hankali.

Tsohon yana zaune kan kujera kusa da tanderun hucewa, dogo, ƙashi da fata, numfashinsa na ƙara kamar ana jan zarto. Gashin girarsa ta dama ya babbake.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Yauwa, ɗana. Lafiya da 'yan sanda?" Ya ga Tela a baya, ya kawar da kai. "Ango, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Baba."

Insfekta ya ce, "Na ji an ce ka bar aiki."

"Mai sana'a ba ya bari. Kofuna aka ce in yi, na biki."

"Wa ya ce?"

"Wata mata. Ban riƙe sunanta ba."

"Suna ciki ke nan?"

"Suna ciki."

"Yaushe ka hura su?"

"Jiya."

"Jiya da ka je gaisuwa sau biyu?"

"Tsakanin nan."

Insfekta ya taka zuwa babban tanderun, na narkarwa. Ya ɗora tafin hannunsa a jiki. Ya leƙa bakinsa, ya sa yatsa ya ciro yanar gizo-gizo, ya ɗaga ta a haske.

"Baba, ni ban san aikinku ba, yau na fara ganinsa. Amma an ce mini a wannan ake narkarwa, a wancan ake hucewa. Wannan sanyi ƙalau, har gizo ya yi gida. Me kake hucewa wanda ba ka narkar ba?"

Tsohon ya yi tari mai tsawo. "Tsofaffin kaya ne nake sake gasawa."

"Ɗazu kofunan jiya ne."

Insfekta ya kakkaɓe yanar daga yatsansa.

"To ba komai. Tunda kofuna ne, in sun fashe ni zan ba matar haƙuri. Saja, buɗe mu gani."

Saja ya taka da ƙarfi, ya ɗora hannu a kan mariƙin ƙofar.

Babu wanda ya zaci akwai sauran ƙarfi a jikin tsohon. Ya zabura, kujera ta kife, ya faɗa kan ƙofar da ƙirjinsa, ya rungume ƙarfen mai zafi.

"Kada ka buɗe! Kai mahaukaci ne? Iska ɗaya ta shiga tukkun ya tafi! Ba ta huce ba, wallahi ba ta huce ba!"

Saja ya ɗaga hannuwansa sama ya ja baya. "Mai kaza a aljihu," ya ce a hankali, bai ƙarasa ba.

Bahago ne ya janye tsohon daga jikin ƙarfen, ya tayar da kujerar ya zaunar da shi. Aka ba shi ruwa. Sai da numfashinsa ya dawo Insfekta ya ce, "Kofuna ba su da tukku, Baba."

"Ba su da shi."

"Faɗa mini da bakinka."

"Ni na ɗauka. Da safe na zare makullin, na je na naɗe ta a bargo, na kawo ta nan, wutata na jira. Da la'asar na mayar." Ya dubi hannuwansa. "Ko ƙwarzane ba ta yi ba. A hankali na tuƙa, kamar mai ɗauke da jariri."

"Ludayan fa?"

Tsohon ya ɗago da mamaki. "Sun kusa bushewa. Wa zai wuce ya bar su?"

"Sayarwa za ka yi?"

"Sayarwa?" Ya yi wata dariya da ta koma tari. "Yankawa zan yi. In ta huce in sa zarton gilashi in raba wuyan biyu, in ga yadda ta jera launin daga ciki. Tun ina saurayi nake neman yadda za a sa launi ya juya a cikin gilashi kamar gashin tsuntsu. Ban samu ba. Yarinyar da na koya wa riƙe bututu ta samu, ta tafi da shi kabari. Da na tambaye ta tana raye, da ta gaya mini, na sani. Girman kai ya hana ni. Na ce ba zan mutu ban sani ba."

Tela ya ce, "Baba, da ka yanka, da ka saki abin da ke ciki. Ta liƙe ta. Numfashinta ne a ciki."

Tsohon ya juya ga Bahago. "Ta liƙe?"

"Ta liƙe, Baba."

Ya rufe fuska da tafukansa. Kafaɗunsa suka riƙa girgiza.

Can Saja ya matso kusa da Insfekta. "Ranka ya daɗe, kayan shaida fa? Doka ta ce mu tafi da su ofis."

"Doka ba ta ce mu kai tarkace ba. Nan za ta zauna har ta huce. Ka kawo ɗan sanda ya tsaya a ƙofa. Bahago, wutar a hannunka take. Ranar da ka ce ta isa, ranar za a buɗe, a gabana, a miƙa wa mai ita."

Ya juya ga tsohon. "Baba, tashi mu je. Ka shiga gidan makoki ka ɗauki makulli, ka buɗe wurin da ba naka ba. Sai ka yi bayani a ofis."

Saja ya ciro ankwa. Insfekta ya dubi siraran hannuwan nan masu tabon wuta, ya girgiza kai. Saja ya mayar da ita aljihu, ya kama tsohon a damtse.

Sun kai bakin ƙofa tsohon ya tirje.

"Ango. Da na ɗauko ta, sauri nake, a naɗe take. Da na sa ta ciki kuma na kasa kallo. Ka bar ni in leƙa sau ɗaya."

Tela yana tsaye a gaban 'yar tagar, ya tare ta da jikinsa. Ya daɗe yana kallon mutumin. Sannan ya karɓi tocila daga hannun Insfekta, ya matsa gefe, ya haska masa da kansa.

Tsohon ya sunkuya ya kafa ido. Gaurakar tana tsaye a kan ƙafa ɗaya, wuya a lanƙwashe kamar ta ji motsi a cikin ciyawa. Toka-tokan wuyan yana juyawa yana bin haske, jan maƙogwaro kamar ɗigon jini, tukkun kuwa zare-zare ya bazu, kowane sili da ɗan ɗigo a kansa. Har ƙarar numfashin tsohon ta ɗauke.

Da ya miƙe, hawaye na bin tsagar fuskarsa.

"Ka gane yadda ta yi?" in ji Bahago.

"Ban gane ba," in ji tsohon. Ya gyara hularsa, ya miƙa wa Saja hannu da kansa. "Ba ni na koya mata wannan ba. Mu je, ɗana."